Yunus Ɗan China da Hannuna na Dama

Ban cika awa uku a Makka ba na shaƙe wuyan mutum, kuma da harami a jikina.

Direban tasi ne. Na hau motarsa a inda motar Jidda ta sauke ni, na nuna masa takardar da aka rubuta kwatancen shagon Kawu Ilu a titin da ake kira Shara Mansur. Ya gyaɗa kai, ya yi ta zagaye da ni, can ya tsaya a wani lungu a unguwar Hindawiyya ya ce mun iso. Na duba, babu shagon ɗinki, babu masallacin da Kawu ya kwatanta mini. Na ce ba nan ba ne. Sai ya fito ya zauna a kan but ɗin motar, jakata tana ciki, ya miƙo mini tafin hannu yana wani Larabci mai gudu wanda ban taɓa gani a littafi ba. Na roƙe shi sau biyu. A na uku ya ture ni a ƙirji. Ban san lokacin da na cafki wuyan rigarsa na buga bayansa da jikin motar ba.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne. Sunana Hamisu, ɗan mahauta ne ni daga Funtuwa. Kafin in kama littafi da gaske na yi shekara biyar ina dambe, kuma hannuna na dama ya kwantar da maza a fage. Malaminmu na Islamiyya ne ya raba ni da zaren dambe, shi ya yi ta faɗi-tashi har na samu gurbin koyon Larabci a wata makaranta a Makka. Na bar damben, amma hannun bai san na bari ba.

Mutane suka taru suka ɓanɓare ni daga jikin direban. Wani tsoho Bahaushe mai sayar da goro ya karɓi takardar hannuna ya kira lambar Kawu. Kawu Ilu ƙanin mahaifiyata ne, tela, ya fi shekara talatin a Makka. Da ya iso bai gaishe ni ba. Ya sallami direban da ban haƙuri, ya karɓi jakata, sannan ya juyo ya zabga mini mari a gaban kowa.

"Da harami a jikinka, ya walad? Ko ɗawafi ba ka yi ba?"

"Kawu, shi ya fara ture ni."

"Isma, buɗe kunnenka, nan ba Funtuwa ba ce. Askar, ɗan sandansu, idan ya zo ba ya tambayar wa ya fara. Igamarka, takardar zamanka, zai duba, ya ga kai baƙo ne, halas, an gama, sai tarhil. Su kulle ka, su ɗora ka a jirgi da kayan jikinka. Me zan ce wa Yaya?"

Da zafin marin nan a kumatuna na fara ganin Ka'aba.

A makaranta aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan China. Siriri ne, fari sol, da 'yar farar hula da ba ya cire ta sai zai yi wanka. Ya ce sunansa Yunus, amma a garinsu sunan gidansu ake fara faɗa kafin nasa, domin gida ya riga mutum. Larabcinsa gurgu, nawa gurgu, haka muka riƙa jan juna. Inda kalma ta ƙare sai mu koma nuni da hannu.

Makonnin farko komai nasa haushi yake ba ni. A zafin Makka, wanda kwalta ke narkewa, Yunus ruwan zafi yake sha, yana yawo da shi a ɗan fulas. Idan ya ga na kafa kai a ruwan sanyi sai ya riƙe kai ya ce zan lalata cikina. Da safe ba ya tambayar yadda na kwana, sai ya ce, "Ka ci abinci?" Na ɗauka gori yake mini, sai daga baya na gane gaisuwarsu ke nan. Ranar da na ba shi kilishin da na zo da shi, sau uku yana turo mini shi, har na fusata na mayar jaka. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ashe jira yake in matsa masa a karo na huɗu. Komai zai miƙo maka, ko biro ne, da hannu biyu yake miƙowa.

Wata rana ya dafa shinkafa ya ba ni tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su. Na yi ta fama, shinkafa tana zubewa, na gaji na soke su a tsaye a tsakiyar kwanon zan sa hannu. Yunus ya yi tsalle ya fizge su har ya buge mini yatsu. Na miƙe tsaye, hannuna ya riga ya dunƙule. Ya ja da baya yana kallon hannun.

"Ɗan'uwa, haka ake yi wa matattu," in ji shi. "Ba a yi wa mai rai. Kai kana da rai."

Na zauna ina jin kunya. Ya ɗauko mini cokali.

Abin da ya haɗa mu zazzaɓi ne. A wata na uku na kwanta, ga ciwo ga kewar gida. Ina rufe ido sai in ga rumfar Babana a kasuwa, in ji ƙarar gatari a kan ƙashi, in ji muryar Inna tana kiran ƙannena. Kwana biyu ban ci komai ba. Yunus ya bar aji ya kwaɓa fulawa, ya riƙa jan ta da hannu yana naɗewa yana sake ja, har ta zama taliya siririya. Ya dafa ta a romon rago da citta, ya zauna a bakin gadona ya ce ba zai tashi ba sai kwanon ya koma fanko. Tun daga ranar nake kiransa ɗan'uwa, ba da baki kawai ba.

Da na warke na ce sai na rama. Ranar wata Juma'a bayan an sauko na kai shi Shara Mansur ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe wurin wata Hajiya 'yar Maraɗi. Ya ci da hannu yana dariyar kansa. Muna fitowa wasu samari uku da ke zaune a kan mota suka fara jan idanunsu da yatsa suna kwaikwayon maganar 'yan China. Yunus ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Ɗayansu ya biyo mu ya fizge farar hular daga kansa ya jefa wa ɗan'uwansa.

Naushi ɗaya na yi wa na farkon a ƙasan haƙarƙari, ya durƙushe yana neman numfashi. Na biyun ya zaro bel ya zuba mini a wuya, na kama bel ɗin na jawo shi na haɗa fuskarsa da gwiwata. Na ukun ya jefar da hular ya gudu. Hajiya mai tuwo ta fito tana ihu, "Ku gudu kafin askar, ku gudu don Allah!" Muka bi lunguna har muka ɓulla titi.

Na ɗauka Yunus zai gode mini. Sai na ga ya ƙi kallona.

"Hula ce kawai," in ji shi. "Yanzu duk unguwar sun ga an yi faɗa saboda ni. Fuskata ta zube."

Su abin da muke kira mutunci, fuska suke ce masa. Ana ba mutum fuska, ana zubar masa da ita, kuma idan ta zube ba tasa kaɗai ba ce, har ta gidansu. Ya yi mini bayanin nan a hanya, na ji da kunne ɗaya. A raina cewa nake yi tsoro ne kawai irin na wanda bai taɓa faɗa ba.

Shekara ta kusa zagayowa sai ya zo mini da labari yana murmushi har kunne. Kawunsa Alhaji Isa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, zai zo Umra. Kuma a ayari ɗaya za su zo da wani attajirin garinsu, Alhaji Dawud, da matarsa da ɗansa da 'yarsa. Yarinyar ita ce Yunus yake so tun suna makarantar allo ta garinsu. An daɗe ana kai-kawo, attajirin yana jan ƙafa domin Yunus maraya ne kuma ba shi da komai sai karatu. Yanzu ya yarda a zauna a ci abinci tare a Makka, kuma a wurinsu zaman cin abincin nan shi ne rabin magana.

"Ina so ka zo," in ji Yunus. "Kowa yana kawo nasa. Ni kai ne nawa a garin nan."

Kwana uku yana koya mini zama. Babba shi ke zama yana fuskantar ƙofa. Ba a taɓa abinci sai ya fara. Idan an zuba maka, ka ci, ka yaba, amma ka bar ɗan kaɗan a kwano don kada a ce mai gida bai ƙosar da kai ba. Kada ka cika kofinka kafin na wanda ke kusa da kai. Duk ya faɗa mini. Abu ɗaya ya manta.

Bayan Azahar muka haɗu a wani gidan abinci na 'yan China a unguwar Aziziyya. Mata suna ɓangaren iyali bayan labule, ban ga yarinyar ba sai gefen mayafinta. Alhaji Isa ɗan tsoho ne ƙanƙane, mai 'yar furfura a haɓa, yana tafiya yana ɗingishi. Alhaji Dawud kuwa ƙato ne mai faɗin kafaɗa da murya kamar ganga. Ɗansa, wani matashi mai kaurin wuya, yana gefensa. Aka yi ta kawo kwanuka a kan wani teburi mai juyawa. Alhaji Dawud da kansa ya ɗebo nama ya sa mini a kwano, Yunus ya taɓa ni da ƙafa a ƙarƙashin teburi, alamar an girmama ni. Aka ci, aka yi dariya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga kawun Yunus yana share ido, na san magana ta yi kyau.

Da aka kusa gamawa na tashi na shiga bayi. Ina wanke hannu na ji ihu.

Na fito da gudu. A gaban kantar gidan abincin na ga Alhaji Dawud ya riƙe wuyan hannun Alhaji Isa ya murɗe shi baya, yana daka masa tsawa. Tsohon yana fizge-fizge, hularsa ta faɗi, aljihun rigarsa ya yage. Ƙaton ya tura shi ya bugu da firij har kwalabe suka yi ƙara. Tsohon ya sake yunƙurowa, ƙaton ya sa ƙirji ya danne shi. Na waiga na ga Yunus yana tsaye daga nesa, hannuwansa a haɗe, bai motsa ba. Na ce a raina, tsoron nan nasa ne ya sake kama shi, ana dukan wanda ya rene shi yana kallo.

Taku uku na yi. Na dafa kafaɗar Alhaji Dawud, ya juyo, kuma wallahi da dariya a fuskarsa ya juyo. Na ga dariyar, amma hannun ya riga ya tafi.

Na ji ƙarar karan hancinsa a ƙashin yatsuna. Ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi bakin kanta, ya zube. Jini ya wanke farar jallabiyarsa. Daga hannunsa walat ya faɗo. A hannun Alhaji Isa ma walat ne.

Sai kururuwar mata ta tashi daga bayan labule. Ɗan Alhaji Dawud ya ɗauki kujerar ƙarfe ya yo kaina. Ban kare ba, ina tsaye ina kallon walat biyun nan. Yunus ne ya faɗo tsakaninmu. Ƙafar kujerar ta same shi a gira, fatar ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya. Matashin ya jefar da kujerar ya kama ni da duka, baki, ciki, kunne, ma'aikatan wurin suna janye shi yana dawowa. Sannan ɗan tsohon da na je ceto ya tako da ɗingishinsa, ya wuce ni kamar ba ni a wurin, ya tsaya gaban Yunus da ke durƙushe cikin jini, ya kwaɗa masa mari har biyu.

Abin da Yunus ya manta bai faɗa mini ba ke nan. A wurinsu, idan an gama cin abinci, manya kokawa suke yi a kan wanda zai biya. Ana riƙe hannu, ana ture juna, ana ihu, har riga takan yage. Wanda ya fi nuna ƙarfi shi ya fi girmama ɗan'uwansa. Yaro kuma ba ya shiga, tsayawa yake yi daga nesa da ladabi.

Askar suka zo suka tafi da ni. Kwana huɗu na yi a wani ɗaki da mutum ya fi ashirin, leɓena a kumbure, kunnena ɗaya ba ya ji. A rana ta biyu wani ƙato ya taka mini hannu don in matsa masa wuri kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Na kalle shi, na kalli hannun, na matsa.

Kawu Ilu ya zo a rana ta huɗu. Wannan karon bai mare ni ba, kuma da ma ya mara. Ya tsaya mini aka ba shi ni, da sharaɗin zai dawo da ni duk lokacin da aka nema. A mota ya ce, "Mutumin yana da rai, alhamdu lillahi. An gyara hancin, an ɗinke ƙeyar. Yanzu abu ɗaya ya rage, tanazul. Ya sa hannu a takarda cewa ya yafe. In ya ƙi, kotu, daga nan tarhil, karatu halas. Kuma jibi za su koma ƙasarsu."

Yunus na samu a ɗaki, da ɗinki bakwai a girarsa. Na fara magana ya ɗaga mini hannu.

"Gobe da hantsi za mu je masaukinsu. Za ka zuba shayi a kofi, ka riƙe da hannu biyu, ka tsaya a gabansa ka sunkuyar da kai. Kada ka zauna. Kada ka yi bayani, kada ka ce ka ɗauka kaza ne. Ka ce ka yi laifi, shi ke nan. Idan ya sha, ya yafe. Idan ya bar ka a tsaye, ka ci gaba da tsayuwa."

"In ya watsa mini a fuska fa?"

"Sai ka sake zuba wani."

Ɗakin otal ɗin cike yake da mutanen ayarinsu, maza sun fi goma, duk an kira su su shaida. Alhaji Dawud yana zaune a kujera, fuskarsa a naɗe da bandeji, ƙasan idanunsa biyu sun yi baƙi. Ɗansa yana tsaye a bayansa. Na zuba shayin a wani ɗan kofi marar mariƙi, na ɗauka da hannu biyu, na faɗi kalmomin da Yunus ya koya mini da harshensu. Na san na karya su, domin wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Bai karɓa ba. Ya juya yana magana da na kusa da shi kamar babu kowa a gabansa. Kofin yana ƙona mini yatsu. Na ji zafin ya ratsa fata, kofin ya karkace, shayin yana zuba a kan yatsun yana ƙara ƙuna. Ni da na tsaya a fage gaban maza ban taɓa tsayuwa mai wuya irin ta ranar ba. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san shayin ya daina tururi kafin ya miƙo hannu.

Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Ya yi magana a hankali, ta hanci, wani daga cikin ayarin mai jin Larabci ya fassara mini.

"Ya ce a garin Allah yake, ba zai koma gida da haƙƙin ɗalibi a wuyansa ba. Ya ce kai baƙo ne, ba ka san komai ba. Wanda bai sani ba, ba a kama shi. Wanda ya kawo shi ne ya sani."

Da la'asar ya sa hannu a takardar. Na yi ta murna, Kawu ya yi sadaka da buhun shinkafa, makaranta ta ja mini kunne a rubuce ta bar ni. Sai bayan kwanaki na tuna cewa duk zaman nan Alhaji Dawud bai kalli inda Yunus yake ba ko sau ɗaya, kuma Alhaji Isa bai zo ɗakin ba sam.

Yunus bai canza ɗaki ba. Bai daina yi mini magana ba. Muna zuwa aji tare, muna bitar nahawu tare. Sau biyu na tambaye shi maganar auren, ya ce manya suna shawara. Na daina tambaya saboda ina tsoron amsar.

Wata biyar bayan haka muna cikin bas za mu Harami sallar La'asar, yana zaune ta taga, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ɗaura mata aure ranar Juma'ar da ta wuce. Da ɗan wani abokin babanta."

Bas ta tsaya, muka sauka cikin taron mutane. Na jawo shi gefe, bayan wani ginshiƙi, na kama hannunsa na ɗora a kan fuskata.

"Yunus, ka doke ni. Don girman Allah ka doke ni. Ko sau ɗaya ne. Ba zan rama ba, ba zan kare ba."

A inda na taso haka ake gama magana. Wanda aka cuta ya rama, jini ya fita, a yi musabaha, kowa ya samu barci. Ina kuka sosai, mutane suna ratsa mu suna kallo.

Ya zare hannunsa a hankali. Ya dube ni da idon nan da gashin girarsa bai sake tsirowa ba.

"Ka yi ne don kawuna," in ji shi. "Na sani. Shi ya sa ba ni da wanda zan doka."

Aka tayar da iƙama. Ya gyara hularsa ya shige cikin sahu, na bi bayansa. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, liman ya yi kabbara. Ina jin kafaɗarsa tana rawa a jikin tawa tun daga raka'ar farko har aka yi sallama.